Wa Ke Duba Mai Duba Dabbobi?

Wannan mako ba zancen taki ko iri zan yi muku ba, jama'a. Zancen wani abokin aikina ne, malamin dabbobi, wanda muke unguwa ɗaya da shi a nan Hanwa.

Kwanakin baya da tsakar dare wani mai kiwo ya buga masa ƙofa, wai saniyarsa ta yi ɓari, mabiyiya kuma ta ƙi fita. Ya ɗauki tocila ya bi shi. Safar hannun da aka ba shi a wurin aiki ta ƙare tun tuni, sai ya sa hannunsa haka nan ya yi aikin. Saniya ta tashi. Mai saniya ya ce, "Allah ya saka da alheri, Malam," ko kuɗin man babur bai ba shi ba. Bayan mako uku sai zazzaɓi ya kama shi, ya zo da dare ya sake shi da safe, ga gumi, ga ciwon gaɓoɓi. Sau biyu yana shan maganin zazzaɓin cizon sauro a banza. Sai da aka auna jininsa aka ga ashe bakkale ce, watau cutar nan da ke sa shanu ɓari. Mako shida ya yi yana shan magani da kuɗin aljihunsa.

Kowa yana so dabbarsa ta warke, amma ba mai tambayar lafiyar wanda ya warkar da ita. In muka zarce da haka, za mu wayi gari ba yaron da ke son wannan aiki, mu kuwa za mu fi kowa hasara.

Ku tambayi tsofaffin Fulani labarin bushiya. Wajen 1890 ta shigo ƙasar nan ta share garkuna, mai shanu ɗari ya koma ba ko maraƙi. Don yaƙi da ita aka kafa ɗakin binciken cututtukan dabbobi a Vom cikin 1924. A 1962 Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru suka haɗa kai suka shiga yi wa shanu allura. Da aka ga ta lafa aka yi sakaci, sai ga ta ta dawo da ƙarfinta a 1983. Ba a huta ba sai 2011, sa'ad da aka yi shelar cewa ta ƙare a duniya duka. To, allura ba ta da ƙafa. Malaman dabbobi ne suka ɗauke ta ruga ruga, rana da ruwan sama, suna shan harbi da tunkuyi.

Yanzu kuma ga annobar awaki da tumaki, mai sa zawo da majina da gyambon baki. Ƙasashen duniya sun ɗau alkawarin kawar da ita nan da 2030, Vom kuwa tana yin allurarta. Amma allurar tana lalacewa in ta sha zafi, sai wanda ya san aiki zai kai ta ƙauye da sanyinta. Wa zai kai, in mun bar masu kaiwa sun gaji sun koma sayar da kati?

Ku dubi abin da suke tarar wa gaba. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gonar kaji a Jaji, nan kan hanyarmu ta Kaduna, karo na farko ke nan a Afirka. A 2023 aka sami ciwon saifa a wata gona a Suleja. Duka biyu suna kama mutum. Haka haukan kare, haka tarin fukan shanu da ake gamuwa da shi a mayanka. Wanda aka fara kira shi ne ya fi kowa kusa da cutar.

Wani zai ce, "Ai gwamnati ke biyansa." Gaskiya ne ga waɗansu, amma da yawa aikin kansu suke yi. Wanda ke kan albashi ma, albashin bai haɗa da man babur na tsakar dare ba. Abin mamaki, mutumin da ke ƙyashin biyan malami shi ne zai je kasuwa ya sayi allurar da ta yini a rana, ya yi wa sansa da ka. Sai dabba ta kwanta sa'an nan a kira malami, in ta mutu a ce bai iya ba.

Ga shawarata. Masu ɗaukar malaman dabbobi aiki, gwamnati ce ko mai gonar kaji, su ba su doguwar safar hannu da takalmin roba da abin rufe hanci, su yi musu allurar rigakafin haukan kare tun kafin cizo, su kuma riƙa tura su kos. A 2024 an kafa ma'aikatar tarayya ta musamman don kiwo. Lalle ta fara da mutanen da ke taɓa dabbar da hannunsu. Mu masu dabbobi mu kira malami tun ranar da dabba ta ƙi cin abinci, mu kama masa ita da kyau, mu ajiye masa ruwa da sabulu, mu biya shi hakkinsa ba sai ya roƙa ba. Ku kuma malamai, kada kunya ta sa ku yi aiki hannu tsirara. In zazzaɓi ya kama ku, ku gaya wa likita irin aikinku. Kada kuma ku tsaya kan abin da kuka koya a makaranta, gama magungunan da ke ci jiya waɗansunsu ba su ci yau, saboda yawan amfani da su barkatai.

Iyaye, kada labarin abokina ya tsorata ku. Aikin nan sana'a ce mai ci, makarantunsa kuwa suna ƙofar gidanmu. Jami'ar Ahmadu Bello tana koyar da likitan dabbobi cikin shekara 6. Mai son difloma ga kwalejin Mando a Kaduna, ga ta Vom. Ga kuma cibiyar binciken kiwo a Shika. Ku sa 'ya'ya mata ma. Yawancin awaki da kajin garin nan na matan aure ne a cikin gida, malama kuwa za ta shiga inda aka rubuta "Ba shiga."

Abokina ya warke ya koma aiki. Shekaranjiya na gan shi da kwalin safar hannu ɗaure a bayan babur, da kuɗinsa ya saya. Wanda ya kira shi nan gaba ya tuna da wannan. Allah ya raya mana dabbobinmu, ya kuma kiyaye masu kula da su, amin.

Malamin Gona, Hanwa, Zariya.