Daka da Surfe Ba Su Wadatar da Mai Juna Biyu Ba

Duk lokacin da na kawo zancen motsa jiki ga mai juna biyu a aji, ba a rasa ɗalibin da zai yi murmushi ya ce, "Malam, ai wannan na Turawa ne. Matanmu suna daka, suna surfe, suna jan ruwa a rijiya har ranar naƙuda." Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ni ban gamsu da ita ba.

Da ma can likitoci tsoron motsa jiki suke yi wa mai ciki. A 1985 ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta yi gargaɗin kada bugun zuciyarta ya wuce 140 a minti ɗaya, kuma sai a 1994 ta janye wannan iyaka. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci mai ciki lafiyayya da ta riƙa motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako, wato kamar tafiyar rabin sa'a sau biyar. Amfanin wannan bai tsaya ga tsoka da jini ba. Alƙaluman hukumar sun nuna cewa kimanin mace 10 cikin 100 masu ciki a duniya na fama da larurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon baƙin ciki, a ƙasashe masu tasowa kuwa adadin ya haura 15. Wani nazari da masana a Kanada suka wallafa a 2018, wanda ya tattara gwaje-gwaje da dama, ya gano cewa motsa jiki yana rage yiwuwar kamuwa da wannan ciwo lokacin goyon ciki ƙwarai da gaske.

Masu karatun ilimin halittu ba za su yi mamaki ba. Ciki yana sauya sinadaran jiki, jini ya ƙaru da kusan rabi, barci ya gagara, baya ya riƙe. Tafiya a kai a kai tana taimaka wa jiki wajen daidaita kotisol, sinadarin da ke hauhawa idan mutum yana cikin damuwa, tana kuma gyara barci. Wanda ya yi barci mai daɗi kuwa ba ya tashi da ƙunci irin na wanda ya kwana yana juyi.

To, ina daka ta shigo? Masu bincike sun lura cewa ba kowane motsi ne ke sanyaya zuciya ba. Motsin da mutum ya zaɓa don kansa, cikin nishaɗi, shi ne aka fi gani tare da kwanciyar hankali, aikin dole kuwa ba ya nuna wannan alfanu. Matar da ke sunkuye kan turmi tana lissafin tuwon mutum goma sha biyu, yaro na kuka a bayanta, ta gaji kam, amma hankalinta bai huta ba. Ga kuma 'yar'uwarta ta birni, wadda injin niƙa da famfo suka ɗauke mata wahala, aka bar ta ita kaɗai a ɗaki daga safe har magariba, miji na kasuwa. Idan cikin fari ne, kunya ta hana ta ko ambatonsa, balle ta ce ranta a ɓace yake. In ta yi kuka ba dalili, a ce laulayi ne, ko a ce iska. A ganina waɗannan mata biyu abu ɗaya suka rasa: ɗan lokaci nasu na kansu, su taka ƙasa, su sha iska, tare da wata da za su yi hira da ita. Hirar ma rabin magani ce.

Wannan ba ya buƙatar filin wasa ko sutura ta musamman, kuma bai saɓa wa mutunci ba. Zagayen tsakar gida da sanyin safiya ya isa farawa, ko takawa gidan maƙwabta da la'asar sakaliya, ko zuwa Islamiyya a ƙafa. Ma'aunin mai sauƙi ne: ta yi sauri daidai yadda za ta iya magana ba tare da haki ya sarƙe ta ba. A zafin bazara, lokacin da awon zafi ke kai digiri 40 a Kano da Sakkwato, sai ta guji rana, ta yawaita shan ruwa. Ɗalibai maza, ku ne magidantan gobe, kuma sau da yawa izinin fitar nan a bakinku zai kasance.

Sai dai akwai waɗanda tilas su fara jin ta bakin likita ko ungozoma a wurin awon ciki: mai zubar jini, mai hawan jini, mai ƙarancin jini sosai, da wadda mabiyiya ta tare mata bakin mahaifa. Jiri, ciwon ƙirji, tsinkewar ruwa ko murɗawar mara alamu ne na ta dakata nan take ta nufi asibiti. Haka nan wadda baƙin ciki ya kai ta ga ƙin abinci ko tunanin halaka kanta, tafiya kaɗai ba za ta fisshe ta ba, a gaggauta kai ta ga likita.