Manhajar gane tsuntsaye ba ta san barbarar yanyawa ba

Duk wanda ya gwada Merlin Bird ID ko Google Lens ya san daɗin abin: a ɗauki hoton tsuntsu, cikin daƙiƙa biyu suna ya bayyana a fuskar waya. A kan yawancin tsuntsaye, aikin na kyau. Agwagi ne ke kunyata waɗannan manhajoji.

Kusan duk agwagin gida na duniya jikokin agwagwar daji ce mai suna mallard, wadda toronta ke da koren kai. Banda guda ɗaya: Muscovy, mai jan tsiro a fuska, wadda asalinta Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, kuma ita ce aka fi kiwo a gidajen ƙasar Hausa. Mallard kuwa ba ta zaɓen abokin barbara. Tana haɗuwa da na gida, tana haɗuwa da danginta na daji, 'ya'yan su fito da kala-kalar kamanni.

Ita manhaja an horar da ita ne da hotunan da aka riga aka laƙaba wa suna, don haka aikinta ta nemo sunan da ya fi kusa. Idan aka nuna mata ruwa-biyu, sai ta miƙo sunan uwa ko na uba, mai waya kuma ya karɓa hannu bibbiyu. Nan ne kuskuren masu ƙera ta: ya kamata "ba tabbas, wataƙila ruwa-biyu ce" ya fito ɓaro-ɓaro a sama.

Wani zai ce agwagwa ce fa, me ya yi zafi? A tambayi mutanen Niyu Zilan. Mallard da Turawa suka kai can ta gauraya da agwagwar ƙasar, pārera, har tsantsarta ta yi wuyar samu. Haka koloa ke fama a Hawai, haka agwagwa mai rawayen baki a Afirka ta Kudu. Masu bincike na amfani da rahotannin da jama'a ke ɗorawa a eBird da iNaturalist, kuma duk ruwa-biyun da aka rubuta a matsayin tsantsa yana sa jinsin da ke ƙarewa ya yi kamar yana da yawa.

A nan gida, maganar ta aljihu ce. Idan Muscovy ta haɗu da jinin mallard, ɗan da aka samu tamkar alfadari yake: ga girma, ga nama, amma ba ya haihuwa. A Faransa da gangan ake samar da shi don hanta da tsoka. Matashin da ya saye shi don ya yi iri, saboda waya ta ce masa Muscovy ce, zai daɗe yana zuba dusa.

Ido na iya kama abin da kyamara ta tsallake. Farin tabo a ƙirji, jiki mai nauyi fiye da kima, ko launi dabbare-dabbare, duk alamun jinin gida ne. Gashin da ya nannaɗe a saman wutsiyar toro gadon mallard ne, tsantsar Muscovy ba ta da shi. Sai murya: toron Muscovy huci yake yi, ba kwak-kwak ba. Hoto ɗaya daga nesa bai isa ba, a ɗauki baki da fiffike da wutsiya. eBird ma ta ware gurbin "irin na gida" da na ruwa-biyu, sai dai mutum zai lalubo shi da hannunsa a cikin jerin sunaye.