Katin aljihu: da tsohuwar zuma ake magani

A makon jiya wani ɗan kasuwa abokina ya same ni ransa a ɓace. Salularsa ta faɗa ruwa, kuma a cikinta ne ya adana sunayen masu bashinsa, da ranakun isowar kaya, da alƙawuran da ya ɗauka. Salular ba ta dame shi ba, abin da ya dame shi shi ne yadda zai dubi idon mutumin da ya saɓa wa alƙawari. Wannan ne ya sa yau na ga ya dace mu tattauna a kan wata dabara mai araha: buga wa kanka katunan tsara aiki a gida.

Dabarar ta yi suna ne a Amurka. A shekarar 2004, lokacin da ma'aikata ke rububin ƙananan kwamfutocin aljihu irin su Palm, wani marubuci mai suna Merlin Mann, mazaunin San Faransisko, ya ba da shawara cikin raha: a tattara ƴan katuna, a danne su da matsin ƙarfe na ofis, a jefa aljihu. Ya raɗa musu suna Hipster PDA. Wasa-wasa sai magana ta kama. Ba da jimawa ba wani mutumin Kanada, Douglas Johnston, ya zana shafuna iri-iri daidai girman katin, ya ba da su kyauta domin kowa ya buga da kansa. Akasarin shafunan sun bi tsarin littafin David Allen na 2001, wanda ke koyar da cewa kai wurin tunani ne, ba rumbun ajiya ba.

Shi kuwa kati ya daɗe yana yi wa masana hidima. Carl Linnaeus, masanin tsirrai na ƙasar Suwidin, ya yi aiki da ƴan guntayen takardu a ƙarni na 18. Niklas Luhmann, malamin jami'a Bajamushe da ya rasu a 1998, ya bar kati wajen 90.000 a akwatunansa, kuma daga cikinsu ne ya fitar da littattafansa.

To, yaya ake yi? Katin Amurka yana da faɗin santimita 7,6 da tsawon 12,7. Wanda aka saba gani a kantunan kayan rubutu na ƙasashe masu amfani da Faransanci, wato bristol, 7,5 ne da 12,5. Ba kowace na'urar bugawa ke iya jan ƙaramin kati ba. Sau da yawa takan karkatar da shi ko ya maƙale. Hanya mafi sauƙi ita ce a jera kati huɗu a kan takardar A4 guda, a buga, a yanka da almakashi. Takardar ofis mai giram 80 ba ta jure aljihu, a nemi mai giram 160 ko fiye. A gwada da takarda marar kauri tukuna, kuma a hana na'urar rage ko ƙara girman shafi, in ba haka ba layuka za su kauce. Abu na ƙarshe: tawadar ruwa tana narkewa da gumi, ta gari kuwa, irin ta na'urar leza da ta fotokofi, ba ta yi. Wanda ya san zafin watan Afrilu ya san wadda zai zaɓa.

Kati huɗu sun wadatar. Na farko na ayyukan yau. Na biyu na mako, da gurbin kowace rana. Na uku na abin da kake jira daga wasu: suna, abin da aka yi alƙawari, da rana. Ga ɗan kasuwa shi ne katin bashi, ga ma'aikaci kuwa katin takardun da ke jiran sa hannu. Na huɗu fari fat, domin abin da ya faɗo a hanya.

A ganina amfanin katin yana cikin ƙanƙantarsa. Salula tana karɓar aiki ɗari ba ta ce uffan ba, amma kati ba ya ɗaukar fiye da layi goma sha. Dole ka zaɓa, kuma wanda ya zaɓa ya fara aiki ke nan. Ga shi ba ya neman caji, ba ruwansa da ɗaukewar lantarki.

Sai dai a yi hattara da abu biyu. Kati ma yana ɓata, saboda haka kowace Juma'a a kwashe lissafin bashi zuwa babban littafi da ke gida. Sannan akwai masu shagala da gyaran zane da launi har yini ya ƙare ba su taɓa aikin da ke rubuce ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Abokina ya sayi sabuwar salula, amma yanzu akwai kati a aljihun rigarsa. Sai mako mai zuwa.