Ra'ayinmu: Kotoko ta haura shekara 90, amma tarihi kaɗai ba ya cika filin wasa

A ranar 31 ga Agusta 2025 ƙungiyar Asante Kotoko ta cika shekara 90 da kafuwa. An raɗa mata wannan suna ne a Kumasi a 1935, da amincewar Sarkin Asante na wancan zamani, Prempeh na Biyu, wanda ya zama uban ƙungiyar, kuma har yau wannan matsayi na hannun mai sarautar, Otumfuo Osei Tutu na Biyu. Kotoko da harshen Twi na nufin beguwa, alamar mayaƙan Asante, shi ya sa kirarin kulob ɗin ke cewa in ka kashe dubu, dubu za su zo.

Kirarin bai tashi a banza ba. Kotoko ta ɗauki kofin lig na Ghana fiye da sau 20, babu ƙungiyar da ta kamo ta, kuma ta sake ɗaga shi a 2022. Sau biyu ta zama zakarar Afirka. Kofin 1970 ta ci shi ne a Kinshasa, inda ta doke TP Englebert, wadda yanzu ake kira TP Mazembe, da ci 2 da 1 bayan an yi kunnen doki 1 da 1 a Kumasi. A 1983 kuma ta riƙe Al Ahly ba ci a Alƙahira, ta dawo gida Opoku Nti ya zura ƙwallo ɗaya tilo, aka ɗaga kofi. Ban da waɗannan, ta kai wasan ƙarshe a 1967, 1971, 1973, 1982 da 1993. Saboda wannan jerin ne ƙungiyar masu tattara tarihin ƙwallo ta IFFHS ta ayyana ta a matsayin kulob ɗin Afirka na ƙarni na 20.

Mu mazauna zango muna da rabo mai tsoka a wannan tarihi. Filin wasan Kumasi, mai ɗaukar mutum kusan 40,000, sunan Baba Yara yake ɗauke da shi, ɗan wasan gefen da aka yi wa laƙabi da sarkin 'yan gefe na Afirka ta Yamma, wanda hatsarin mota ya nakasa a 1963, Allah Ya yi masa rasuwa a 1969. Abukari Gariba da Malik Jabir ne suka ci ƙwallayen nan biyu a Kinshasa. Ibrahim Sunday ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1971 yana sanye da jar rigar Kotoko, kuma shi ne kocin da ya jagoranci ƙungiyar ta ci kofin 1983. Abdul Razak ya karɓi irin wannan lambar yabo a 1978. Dattawan Aboabo, Asawase da Sabon Zango ba a littafi suka karanta waɗannan sunaye ba, da idonsu suka ga masu sunan suna taka leda.

To, amma kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Fiye da shekara 40 ke nan rabon Kotoko da kofin nahiya. Dama mafi kusa ita ce ta Kofin Confederation na 2004, wanda Hearts of Oak ta ƙwace a bugun fenariti, a Kumasin ma kuwa. Rabonta da shiga rukuni a Gasar Zakarun Afirka tun 2006. Yaron da aka haifa a wannan shekarar yanzu ya gama sakandare, kuma in ka tambaye shi kulob ɗinsa, Chelsea zai ce maka ko Barcelona. Ranar Asabar da Lahadi gidajen kallo a zanguna sun cika maƙil, kujerun Baba Yara kuwa sai in Hearts ce ta zo suke ganin jama'a.

Laifin ba na yaran kaɗai ba ne. Ɗan wasa ba ya daɗewa a ƙungiyar balle a shaƙu da shi. Kwame Opoku ya fara haskakawa, sai ga shi a USM Alger ta Aljeriya a 2021. Frank Mbella Etouga, ɗan Kamarun da ƙwallayensa suka taimaka aka ci lig a 2022, shi ma bai jima ba ya koma Al Masry ta Masar. Ba a ganin laifin mai neman na tuwo, domin albashin lig ɗin gida bai taka kara ya karya ba. Sai dai ƙungiyar da ke sayar da gwaninta duk shekara, tana sauya koci da zarar an yi rashin nasara uku, ba za ta iya karawa da Al Ahly ko Mamelodi Sundowns ba, waɗanda ke riƙe 'yan wasansu shekara da shekaru. Shi kansa filin ya sha kunya a Satumban 2024, lokacin da hukumar CAF ta janye amincewarta da shi saboda lalacewar ciyawa bayan wasan Ghana da Angola.

Abin da ya fi damunmu kuwa shi ne rayuka. Ranar 9 ga Mayu 2001, a filin wasan Accra, Hearts ta ci ƙwallo biyu a ƙarshen wasa, wasu magoya bayan Kotoko suka fara jifa da kujeru da kwalabe, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin taro alhali ƙofofi na kulle. Mutum 126 suka rasu a turmutsutsun, da dama daga cikinsu 'ya'yan zango ne. An kafa kwamitin bincike na Okudzeto, an gurfanar da manyan 'yan sanda shida, kotu ta sallame su. Mun yi zaton wannan darasi ya isa, sai ga shi ranar 2 ga Fabrairu 2025 an daɓa wa wani fitaccen magoyin bayan Kotoko wuƙa har lahira a Nsoatre, aka dakatar da lig ɗin na makonni. Uban da ya ji wannan labari, da wane ƙarfin hali zai riƙo hannun ɗansa su tafi kallo?

Don haka muna kira ga hukumar ƙwallo ta GFA da 'yan sanda: a bincike kowa a bakin ƙofa, a raba magoya bayan ɓangarorin biyu, a bar ƙofofin fita a buɗe, kuma filin da ba shi da katanga mai kyau da motar asibiti kada a buga wasan lig a cikinsa, ko na wane ne. Wanda ya ɗaga hannu ga alƙalin wasa ko ga ɗan'uwansa ɗan kallo ya gurfana a kotu da sunansa, tarar da ake ɗora wa kulob ba ta hana kowa maimaitawa.

Shugabannin Kotoko su ma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A ba koci lokaci, a yi wa matasan 'yan wasa kwantiragi mai tsawo, a koma neman yara a gasannin makarantu da ƙananan ƙungiyoyin unguwa, inda su Razak suka fito. Filayen da yara ke bugawa a zangunanmu kullum raguwa suke, ana mai da su shaguna da tashar mota, kuma wannan magana ce da ya kamata sarakunan zango da 'yan majalisar gunduma su tsaya a kanta.

Saura mu 'yan kallo. Rassan magoya baya da ake kira Circles suna ko'ina a ƙasar nan, zanguna ma ba a bar su a baya ba. Shugabanninsu sun san masu zafin kai a cikinsu, su ja musu kunne tun a mota kafin a isa fili. Kuɗin da matashi ke zubarwa a cacar ƙwallon Turai cikin mako guda sun isa su saya masa tikitin wasan gida, wataƙila har da rigar kulob ta gaskiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai son ya sake ganin irin daren 1983, ya sayi tikiti, ya zo da ƙaninsa, in an ci shi ya yi haƙuri ya koma gida lafiya. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kiyaye na gaba.