Karen da ya ciji ɗanka yana da ubangida

Akwai wata magana da ake ji a unguwanninmu, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, da zarar kare ya kafa wa yaro haƙori: "Ai wannan ba na kowa ba ne, karen titi ne." Jiya da dare karen nan yana kwance bakin ƙofar wani gida yana haushi, kowa ya san gidan, kowa ya san wanda ke zuba masa ƙanzo. Yau da ya yi ɓarna ya zama maraya. Mai gidan da ke taƙama da shi a gaban ɓarayi shi ne kan gaba wajen rantsuwa cewa bai taɓa ganinsa ba.

Wannan maganar ƙarya ce, kuma ƙarya ce da ke kashe yara. Akasarin karnukan da ke yawo a titunanmu suna da gidan da suke komawa. Abin da ba su da shi shi ne mai ɗaukar nauyinsu. Muna son gadin kare, ba ma son ɗawainiyarsa. To, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Wato ƴan lakwal. Yaran da ke fita da sassafe da jaka a baya, suna ratsa lunguna da jujin unguwa da bayan mayanka, daidai wuraren da karnuka ke neman abin kai wa baki. Yaro gajere ne, in kare ya zabura fuska da wuya yake samu, kuma cizon da ya fi kusa da kai ya fi saurin kai cutar ƙwaƙwalwa. Ciwon ba ya fitowa nan take. Yakan yi wata 2 ko 3 a ɓoye, wani lokaci sati ɗaya, wani lokaci har shekara. Rauni ya warke, kowa ya manta. Ranar da yaro ya fara firgita in an miƙa masa kofin ruwa, yana jin ƙishirwa maƙogwaro na ƙin haɗiya, ranar magana ta ƙare: da wuya a samu wanda ya tashi bayan alamu sun bayyana, ko a asibitin Faransa ne. A gida kuwa sai a ce iskoki ne, a ce sammu ne, a yi ta hayaƙi da rubutu har rai ya yi halinsa, ba wanda ya tuna da karen maƙwabci na watan jiya.

Na san abin da wasu za su ce, domin kullum shi ake cewa: kare najasa ne, Musulmi ba ruwansa da kare. Mu tsaya kan wannan, tunda a nan ake fakewa. Mafi yawanmu a wannan ƙasa mazhabar Malikiyya muke bi, kuma sanannen hukunci ne a wajen malaman Malikiyya cewa dabba mai rai tsarkakakkiya ce, har da kare. Wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai, a wajensu, bin umarni ne na ibada. Wasu mazhabobin sun saɓa, ba a musun wannan. Amma ko a wajen wanda ya fi kowa tsanantawa, hadisi ya yi izinin ajiye kare don farauta da kiwo da gadin gona, kuma malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kai. Labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa yana cikin Bukhari da Muslim, yaran makarantar allo ma sun san shi. Wanda ya ga ajiye kare bai dace da shi ba, kada ya ajiye, babu mai zarginsa. Abin da babu malamin da ya halatta shi ne ka ɗauko dabba, ka ci amfaninta, ka bar ta da yunwa da ƙaska da ƙazwa, ka sake ta ta cuci ɗan maƙwabcinka, sannan ka ɗauko addini ka rufe fuska da shi. Wannan rowa ce da lalaci aka sa wa rawani.

Kuma ba wai ba mu san yadda ake riƙe kare ba. Ku dubi mafarauci. Karensa yana da suna, yana jin kira, ya san lokacin da zai zabura da lokacin da zai kwanta, kuma in ya ji ciwo ubangidansa ba ya barci. Ku dubi Bafillace da Buzu a daji: kare na tafiya tare da garke kamar ɗan gida. Karen nan dogo siriri na yankin Azawak, arewa da Tawa, tun shekarun 1970 Turawa suka fara kai shi ƙasashensu. Yau a can sunan yankin yake amsawa, ana yi masa takardar asali, ana kai shi gasa. Hikimar riƙon kare tamu ce tun kaka da kakanni. A birni ne muka zubar da ita, muka koma ɗaukar kwikwiyo kamar yadda ake sayen kwaɗon ƙofa: a rataya a manta.

Mafi muni su ne masu cewa sai an gallaza wa kare yake yin zafi. A ɗaure shi da gajeriyar sarƙa a rana tun safe har dare, a hana shi ganin mutane, a zuba masa barkono a abinci, a riƙa dukansa don ya tsani kowa. Abin da wannan ke haifarwa shi ne dabba mai tsoro, kuma kare mai tsoro shi ne mai cizo. Ba ya bambanta ɓarawo da almajiri, ba ya bambanta baƙo da ɗiyar gidan da ta zo ɗaukar tsintsiya kusa da shi. Ranar da sarƙa ta tsinke, wanda ya fara cin karo da shi shi ke biyan bashin duk wancan duka. Aikin karen gida shi ne ya yi haushi ya tashe ka. Ba alƙali ba ne, ba jandarma ba ne.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Watanni ukun farko zuwa huɗu na rayuwar kwikwiyo su ne lokacin da yake koyon abin tsoro da wanda ba abin tsoro ba. A lokacin ne ya kamata ya saba da yaran gida, da awaki da kaji, da ƙarar babur, da hannun mutum a wuyansa da ƙafafunsa, yadda gobe za a iya riƙe shi a yi masa allura ba tare da an yi kokawa ba. A ba shi suna ɗaya, kowa ya kira shi da shi. In ya amsa kira a ba shi ɗan abin taɓawa nan take, ba bayan an gama sallar la'asar ba, domin kare ba ya haɗa lada da aikin da ya wuce. Haka horo: wanda ya dawo daga kasuwa ya tarar an yaga takalmi ya hau duka, abin da ya koya wa karen kawai shi ne dawowar maigida masifa ce. Kuma kada a kira kare ya zo sannan a doke shi, gobe ba zai zo ba, kuma gobe ita ce ranar da ya bi yaro da gudu kana ihun sunansa. Abinci a kan lokaci, a kwanonsa shi kaɗai. Ruwa a inuwa, musamman a bazarar nan ta watan Afrilu da Mayu da ko mutum ke neman wajen ɓuya. Karen da ya ƙoshi a gida ba ya kwana a juji yana faɗa da karnukan da ba a san lafiyarsu ba, kuma a wajen wannan faɗan ne yake kwaso haukan ya kawo cikin gida. Sai kuma abu mai sauƙi da ba ya cin ko dala: a tsare shi cikin gida a lokacin da yara ke tafiya lakwal da lokacin da suke tasowa.

Allurar rigakafi ita ce uwa uba. Daga wata 3 ake fara yi wa kwikwiyo, a riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya tsara, a ajiye takardar. Mutumin da ke tura shanunsa da tumakinsa wajen ma'aikatan kiwo duk shekara ya san hanyar ofishin. Bai kai kare ba ne don kare ba ya shiga kasuwa, ba a sayar da shi a yi kuɗin Sallah. Masu cewa "mu ba mu ƙoshi ba balle kare" su yi lissafi: allurar kare guda ɗaya ce, ta mutumin da aka ciza kuwa sai an yi ta zuwa ana komowa a ranaku daban-daban, ta fi tsada nesa ba kusa ba, kuma ba kowane gidan likita ke da ita ba, sau da yawa sai an yi kuɗin mota zuwa babban gari. Wa ke biyan wannan? Uban yaron da aka ciza, wanda shi ko kare ba ya da shi. A ganina duk mai unguwa da ya san aikinsa ya kamata ya ɗora wannan kuɗin kan mai karen, ba tare da an kai ga rantse-rantse ba.

Wasu kuma maganinsu ɗaya ne: a zuba guba a kashe su duka. An gwada wannan a garuruwa da yawa na duniya, bai taɓa kawar da ciwon ba. Muddin juji na nan da abinci, wasu karnukan za su cike gurbi cikin ƴan watanni, kuma gubar ba ta tambayar wanda aka yi wa allura da wanda ba a yi wa ba, ba ta tambayar angulu ko ɗan yaye mai rarrafe. Abin da ya yi aiki shi ne yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura. Ba sai mun tafi Turai neman misali ba. A Njamena, nan maƙwabtanmu Cadi, an yi gangamin yi wa karnuka allura kyauta a 2012 da 2013, mutane suka jawo karnukansu da igiya suka kawo, kuma ciwon ya yi ƙasa sosai a garin. Abin lura a nan: sun jawo su suka kawo. Ashe karnukan da ake kira na titi suna da masu su, in dai ba a ce za a kama mai su da laifi ba.

Yanzu ga namu laifin, iyaye da malamai. Wa ya koya wa yaranmu cewa duk karen da aka gani sai an ɗauki dutse? Ba wanda ya zaunar da su ya koya musu, gani suka yi manya na yi, kuma ba wanda ya taɓa tsawatarwa. Gungun yara su tasa kare gaba da jifa har ya shige lungun da ba mafita, manya na zaune a majalisa suna dariya. Karen da aka rutsa ba shi da makami sai haƙori. Gobe kuma ba maharban zai samu ba, ƙaramar yarinya ce mai tallan ƙosai za ta biya.

Mushe da ke da yara sittin ko tamanin a gabansa zai ce aiki ya yi masa yawa, kuma gaskiyarsa. Amma abin da ake nema bai fi minti goma ba, kuma ya shiga darasin tsabta da lafiya da dama ake yi. Yaro ya san cewa in kare ya nufo shi ba a gudu, domin gudu ne ke tayar masa da halin farauta; a tsaya cak kamar icce, hannuwa a jiki, ba a kallon cikin idonsa, ba a ihu, har ya shinshina ya wuce. In ya kayar da kai ka dunƙule ka rufe fuska da wuya. Ba a taɓa kare yana cin abinci ko yana barci, ba a kusantar karya mai ƴaƴa ko da ta gidanku ce. Karen da ya sauya hali, mai dalalar da yawu, mai cizon icce da dutse, ko wanda ya yi laushi baki a buɗe kamar ƙashi ya maƙale masa, a nisance shi a kira babba, kada kowa ya sa hannu a bakinsa da sunan taimako. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da wannan ciwo ta duniya, ranar da Louis Pasteur ya rasu a 1895, kuma wanda ya fara ceto da allurarsa a 1885 yaro ne ɗan shekara 9 mai suna Joseph Meister. Ranar takan faɗo dab da komawar yara lakwal. Babu abin da ya hana direkta da kwamitin iyayen yara su maida satin farko na shekarar karatu lokacin wannan magana.

Amma duk abin da mushe ya koyar zai tashi a banza in gida bai sauya ba. Yaro ya dawo da rauni a ƙafa, tambayar farko: "Me ya kai ka wajen?" Sai mari. Yaran unguwa duka sun ga abin da ya faru, sun ɗauki darasi: in kare ya yaƙushe ka, ja wando ka rufe, ka yi shiru. Yaron da ya ɓoye cizo don tsoron bulala shi ne wanda za a rasa. Kowane uba, kowace uwa, su faɗa wa ƴaƴansu da baki, tun kafin abin ya faru, cewa wanda kare ya ciza ko ya yaƙusa, ko ya lasar masa wani rauni, ba za a doke shi ba, ko da shi ya fara tsokana.

In kuwa ya faru, aikin farko ba ya bukatar kuɗi: ruwa da sabuni, a yi ta wanke raunin ana kwarara ruwa har minti 15 cif, a duba agogon waya, domin minti 15 ya fi tsawo yadda ake zato. Kada a zuba toka ko barkono, kada a ƙona gashin karen a shafa, kada a ɗaure raunin tamau. Daga nan sai likita, ranar nan, ba gobe ba, ko da raunin bai fi tsagar ƙaya ba, kuma in an fara allura a kammala ta. Karen kuma kada a yi saurin kashe shi a jefa a juji, kamar yadda samarin unguwa suka saba cikin fushi. A tsare shi wuri guda, a sanar da ma'aikatan kiwo, a sa masa ido aƙalla kwana 10. In yana nan garau bayan haka, likita zai san abin da zai faɗa muku. Ba a jiran kwanakin nan kafin a fara yi wa yaro allura. Kuma tsare karen nan kwana goma, da ciyar da shi, da kai rahotonsa, aikin mutumin nan ne da ya ce ba nasa ba ne.