Turanci Ba Ɗaya Ba Ne

A Jikwoyi, kan hanyar Nyanya zuwa Karshi, samari masu wasan PlayStation suna yayin tufafi masu hoton Mario da Sonic. To, ɗan kasuwar da ke odarsu ta intanet sai ya yi hattara, domin Turancin Ingila daban, na Amurka daban. "Pants" wando ne a Amurka, a Ingila kuwa kamfai. "Vest" singileti ce a Ingila, a Amurka falmaran. Saboda haka kafin ya zuba jarinsa, ya binciki ƙasar mai sayarwa tukuna, kada ya biya kuɗin wanduna a kawo masa kwalin kamfai. Matambayi dai ba ya ɓata.