Kasuwar Dawanau: Ba kowace matsalar data ce laifin netwok ba

A lokacin kaka, abu ne da aka saba gani a kasuwar hatsi ta Dawanau. An gama ciniki, an auna riɗi ko wake, 'yan dako sun loda buhuna, direba ya tayar da mota, amma mai kaya da mai saye suna tsaye cirko-cirko, kowa ya ƙura wa wayarsa ido. Mai saye na rantsuwa ya tura kuɗi, mai kaya na cewa bai ga komai ba. Can sai wani ya ce, "Ai netwok ne," kowa ya gyaɗa kai.

Wannan kalma ta zama bargon da ake lulluɓe kowace irin matsala da shi, kuma tana jawo wa 'yan kasuwa asara. Kasuwar Dawanau, wadda ke ƙaramar hukumar Dawakin Tofa a kan hanyar Kano zuwa Katsina, tana ci tun 1985, kuma tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Fatake daga Nijar da Chadi da Kamaru da kudancin Najeriya na zuwa sayen gero da dawa da masara da zoɓo da waken suya. Tun bayan ƙarancin takardun naira na farkon 2023, kaso mai yawa na wannan ciniki ya koma tiransifa da POS. A irin wannan wuri, data ta zama kayan aiki kamar sikeli. Wanda ba zai yarda a auna masa kaya da sikelin da bai fahimta ba, bai kamata ya zauna bai san abin da ke hana wayarsa aiki ba.

Idan data ta ƙi aiki, laifin na ɗaya daga wurare huɗu ne: wayar, ko layin, ko kamfanin sadarwa, ko bankin. Minti biyar sun isa a gano wanne ne.

A fara daga gida

Laifi tudu ne, in ji Bahaushe. Kafin a hango na kamfani, a duba wanda aka taka.

Abu na farko shi ne datar kanta. Tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta sa duk kamfanoni sun koma lambobi iri ɗaya: *323# don duba data, *310# don duba kuɗin kati, *312# don sayen data. A duba har da irin datar da ta rage. Mutane da yawa na sayen mai araha wadda WhatsApp da Facebook kawai take buɗewa, ko ta dare, sannan su yi ta mamakin yadda saƙo ke shiga amma manhajar banki ta ƙi buɗewa.

Na biyu, yawancin wayoyin da ke kasuwar masu layi biyu ne. Sau da yawa datar na kan layi ɗaya, wayar kuma an saita ta a kan ɗayan. Na uku, a kunna alamar jirgi na kamar rabin minti sannan a kashe. Hakan na sa wayar ta saki turken sadarwar da ta maƙale masa, ta sake neman wanda ya fi dacewa. Idan bai yi ba, a kashe wayar gaba ɗaya a kunna.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ake yawan mantawa. Manhajar VPN, wadda jama'a suka yi ta saukewa lokacin da gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, idan tana kunne tana iya rage gudun data ko ta sa manhajar banki ta ƙi aiki. Haka kuma idan kwanan wata da agogon wayar ba daidai suke ba, shafuka da manhajoji masu tsaro na iya ƙin buɗewa.

Idan duk wannan bai yi ba, a zare layin a sa a wata wayar. In ya yi aiki a can, matsalar ta wayar farko ce, wataƙila saitin intanet ɗinta ya goge, kuma kiran 300 zai sa kamfani ya turo sabo. In bai yi ba, to layin ne: ko ya tsufa bai ɗaukar 4G, ko an toshe shi saboda ba a haɗa shi da lambar NIN ba. Ana iya duba wannan ta *996#.

Sabis a cike, data ba ta tafiya

Wannan shi ne abin da ya fi ɗaure wa mutane kai. Karan sabis da ke saman waya ƙarfin siginar turke kawai suke nunawa, ba su nuna yawan mutanen da ke kan turken. Kowane turke na da iyakar abin da zai iya ɗauka, kuma duk wayoyin da ke kewaye da shi raba wannan suke yi. Kamar rijiya ɗaya ce a unguwa: ruwa na nan, amma guga ta yi yawa. Shi ya sa layin da ke gudu da asuba yake rarrafe da rana tsaka idan kasuwa ta cika.

Harafin da ke gefen karan ya fi su amfani. E na nufin wayar ta faɗo 2G, wanda da ƙyar zai buɗe manhajar banki. H ko H+ na nufin 3G. Idan 4G ya cunkushe, wani lokacin mayar da wayar kan 3G da hannu na sa tiransifa ta wuce. Sannan rumbunan ajiya masu rufin kwano da buhuna jibge har sama na rage sigina, fitowa fili kaɗai kan wadatar.

Gwaji mafi sauƙi shi ne tambayar maƙwabci mai layi irin naka. In shi ma tasa ta tsaya, babu amfanin kai wa mai gyara waya. In kuwa bidiyo na buɗewa lafiya amma manhajar banki ce kaɗai ta ƙi, matsalar daga bankin take. A nan lambobin USSD na bankuna ke da rana, domin ba su buƙatar data, ko a ƙaramar waya suna aiki.

Inda 'yan damfara ke shiga

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda kowa ya yarda netwok na iya riƙe kuɗi, mazambaci ya samu rigar fakewa. Ya nuna hoton rasit a wayarsa, ko saƙon alat na bogi ya shigo, ya ce sauran jinkirin na netwok ne, shi kuma yana sauri. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne manomin da ya kawo 'yan buhunansa daga ƙauyukan Bichi ko Ɓagwai ko Tofa, wanda zai koma gida inda sabis ba shi da ƙarfi, sai bayan kwana biyu ya gane amfanin gonarsa na shekara ya tafi a banza.

Rasit ba kuɗi ba ne, alat ma ba kuɗi ba ne. Abin da ke tabbatar da biya shi ne mai kaya ya duba asusunsa da kansa, ta manhaja ko ta USSD, ya ga kuɗin sun ƙaru. Mai saye na gaskiya ba zai ji haushin jira ba.

Nauyin da ke kan kamfanoni

Duk wannan bai wanke kamfanonin sadarwa ba. Gaskiya ne suna da nasu uzurin. Turakunsu da dizal suke aiki saboda rashin tsayayyar wutar lantarki, ana sace musu batura, masu aikin hanya na tsinke wayoyinsu na ƙarƙashin ƙasa. Wani abin ma daga nesa yake zuwa: ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar banki da intanet ta rikice a Najeriya da maƙwabtanta.

Amma a Janairun 2025 NCC ta amince musu su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, bisa alƙawarin inganta aiki. Wanda ya biya ƙari yana da haƙƙin ya ga canji. Kasuwar da ake lodin abinci daga cikinta zuwa ƙasashe da dama ta cancanci a lissafa mata turaku daidai da cikar da take yi a kaka, kamar yadda ake yi wa unguwannin bankuna a Legas da Abuja.

Hukumar ta kuma umarci kamfanonin a 2025 su riƙa sanar da jama'a idan an samu babbar katsewa, kuma idan ta wuce awa 24 su rama wa masu layi, misali ta ƙara wa'adin datarsu. Sai dai haƙƙin da ba a nema ba, ba ya zuwa da ƙafarsa. Hanyar ita ce a kira 300 a shigar da ƙorafi, a karɓi lambar ƙorafin a adana. Idan ba a gyara ba, a kira NCC kyauta a 622 a ba su wannan lambar.

Ƙorafin mutum ɗaya na iya ɓacewa. Da shugabannin kasuwar za su sa kowane layi, daga na riɗi zuwa na wake, ya riƙa rubuta ranaku da lokutan da data ke tsayawa tare da lambobin ƙorafi, su miƙa wa ofishin NCC na Kano a dunƙule, da maganar ta yi nauyin da ba za a kau da kai a kanta ba. Kafin nan, kowane ɗan kasuwa ya riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban, ya haddace lambar USSD ta bankinsa, kuma kada mota ta tashi da kaya sai ya ga kuɗinsa a asusu.